Ketevi Assamagan da Binciken Ƙwayar Zarra: Tarihin Wani Aikin Gayya

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga watan Nuwamba, 1964, shugaban ƙasar Ghana na farko, Kwame Nkrumah, ya aza harsashin ginin cibiyar binciken makamashin nukiliya a Kwabenya, arewa da birnin Accra. A cikin wannan shekarar ce kuma wasu masana a Amurka da Turai suka fito da ra'ayoyi biyu waɗanda suka sauya ilimin Fizikis. Na farko shi ne ra'ayin Murray Gell-Mann da George Zweig, cewa a can cikin zarra akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aka sa wa suna kwak. Na biyu shi ne ra'ayin Peter Higgs da François Englert da Robert Brout game da asalin nauyin ƙwayoyi. Lokacin da ake wannan duka, yaron da wannan takarda za ta yi magana a kansa bai cika shekara biyu da haihuwa ba. Sunansa Ketevi Adikle Assamagan, kuma shekara 48 bayan haka yana cikin dubban masanan da suka tabbatar da ra'ayin su Higgs ta hanyar gwaji.

Assamagan ba Bahaushe ba ne, ba kuma ɗan zango ba ne. Mutumin ƙasar Togo ne, wato maƙwabcin Ghana ta gabas. Sai dai tsakanin Accra da Lome, inda ya yi karatun jami'a, bai kai kilomita 200 ba. A unguwannin Nima da Maamobi kuwa, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci da hira, akwai jama'a da yawa waɗanda kakanninsu daga Togo suka zo, kamar Kotokoli da Camba. Saboda haka labarinsa labarin maƙwabci ne, kuma tsanin da ya taka bai yi wa ɗan Maamobi nisa ƙwarai ba.

Wannan takarda za ta bi diddigin karatunsa da aikinsa, ta bayyana irin gudummawar da mutum ɗaya yake bayarwa a fagen da dubban mutane suke aiki a kan na'ura guda, sannan ta duba abin da ya dawo da shi Afirka. Amma kafin nan, wajibi ne a san mene ne ake nema a cikin zarra, da dalilin da ya sa ake gwara ta.

2.0 Abin da Ake Nema a Cikin Zarra

Duk abin da ido yake gani, ruwa ko ƙarfe ko jikin ɗan'adam, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A shekarar 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa zarra tana da 'yar ƙaramar cibiya, wadda kusan dukkan nauyin zarrar yake cikinta, yayin da wasu ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira ilektiron suke kewaye da ita. Da za a hura zarra ɗaya ta kai girman filin ƙwallo na Accra, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar wake ba. Ita cibiyar ta ƙunshi ƙwayoyi iri biyu, wato furoton da niyutiron. Kowanne daga cikinsu kuma ya ƙunshi kwak guda uku, waɗanda wasu ƙwayoyi da ake kira guluwon suka ɗaure tam kamar danƙo.

Babu wuƙar da za ta yanka abu mai irin wannan ƙanƙanta. Hanyar da masana suka samu ita ce su tura ƙwayoyi da gudu, har su kusa kai gudun haske, sannan su haɗa su karo gaba da gaba, kamar raguna. Abin lura a nan shi ne, tarkacen da yake fitowa ba ɓaraguzan ƙwayoyin farko kawai ba ne. Tun a shekarar 1905 Albert Einstein ya nuna cewa ƙarfi yana iya rikiɗewa ya zama abu mai nauyi. Saboda haka idan karon ya yi tsanani, akan sami sababbin ƙwayoyi waɗanda ba sa nan kafin a yi shi. Da yawa daga cikinsu ba sa daɗewa, nan take suke tarwatsewa su koma wasu ƙwayoyin.

Karon iri-iri ne, amma biyu ne suka fi shafar wannan takarda. Akwai karon furoton da furoton, wanda ake yi domin neman sababbin ƙwayoyi. Akwai kuma karon cibiyoyi masu nauyi, irin na zinari ko na dalma, wanda ake yi domin a narkar da furoton da niyutiron ɗin kansu, a ga halin da kwak da guluwon suke shiga idan aka kwance su. Haka nan masanan fagen sun kasu gida biyu. Akwai masu hasashe, waɗanda aikinsu lissafi ne da alli da allo. Akwai kuma masu gwaji, waɗanda suke ƙera na'urori su auna, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Assamagan yana cikin kashi na biyu.

3.0 Harsashin da Aka Aza a Kwabenya

An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana a shekarar 1963, kuma shirin Nkrumah shi ne Tarayyar Sobiyat ta taimaka a girka tukunyar nukiliya ta bincike a Kwabenya. Juyin mulkin ranar 24 ga Fabrairu, 1966 ya dakatar da aikin. Sai a ƙarshen shekarar 1994 ne wata ƙaramar tukunya ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, ta fara aiki a wurin, wato shekara 30 bayan aza harsashi. Irinta ce ta fara aiki a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarar 2004. Irin waɗannan tukwane ana amfani da su ne wajen tantance sinadaran da suke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da kuma horar da ɗalibai. Ba a yin karon ƙwayoyi da su.

Wannan ba ya nufin yankin bai samar da masana ba. Francis Allotey, wanda aka haifa a Saltpond a 1932 ya rasu a 2017, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1966, ya dawo ya koyar a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Amma Allotey mai hasashe ne, kayan aikinsa takarda da alƙalami da kwamfuta. Shi kuwa mai son gwaji a fagen ƙwayoyi, ba shi da zaɓi face ya bi na'ura zuwa inda take. Wannan shi ne halin da Assamagan da tsararrakinsa suka taras.

4.0 Daga Lome Zuwa Virginia

An haifi Assamagan ranar 12 ga Maris, 1963 a garin Port-Gentil na ƙasar Gabon, ya kuma tashi a Togo. Ya yi digirinsa na farko a fannin Fizikis da Kemistiri a jami'ar da ke Lome, wadda a lokacin ake kira Jami'ar Benin, ya gama a 1985. Daga nan ya sami tallafin karatu na hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Ya tafi can a matsayin wanda ya yi duk karatunsa da Faransanci, don haka ya zama dole ya ci gaba da Ingilishi. Ya sami digiri na biyu a Jami'ar Ball State a 1989, sannan digirin digirgir a Jami'ar Virginia a 1995.

Binciken digirinsa na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna irin aikin da zai yi nan gaba. Akwai wata ƙwaya da ake kira fayon, wadda kusan kullum hanya ɗaya take bi wajen tarwatsewa. Amma sau ɗaya a cikin kimanin miliyan 100 takan bi wata hanya dabam. Lissafin masu hasashe ya faɗi daidai yawan yadda hakan zai auku, saboda haka idan awo ya saɓa wa lissafi, to akwai gyara a ginshiƙin ilimin gaba ɗaya. Domin yin wannan awo, wani rukunin masana ya shirya gwaji a Cibiyar Paul Scherrer da ke Suwizalan, da wata na'ura mai ɗauke da dunƙulen ƙarau na musamman guda 240, waɗanda suke ƙyalla haske duk lokacin da ƙwaya ta buge su.

Rabon Assamagan a wannan aiki shi ne tsara na'urar da daidaita ma'auninta. Duk wanda ya san kasuwa ya san muhimmancin wannan. Idan mudu ya lotsa, ko olonka kamar yadda ake kiran gwangwanin awo a kasuwannin Accra, duk awon da aka yi da shi ya ɓaci, komai gaskiyar mai awon. Haka abin yake ga na'urar da za ta tsamo abu ɗaya daga cikin miliyan 100. Sakamakon gwajin bai fito ba sai a shekarar 2004, kuma ya dace da lissafin masu hasashe. A lokacin Assamagan ya yi shekara tara da kammala digirinsa, har ya daɗe da komawa wani aikin. Wannan al'ada ce a fagen, wani ya yi shuka, wani ya zo ya yi girbi.

Daga 1995 zuwa 1998 ya yi aiki da Jami'ar Hampton da kuma cibiyar Jefferson da ke jihar Virginia, inda ake harba ilektiron a kan cibiyoyin zarra. A 1998 ya koma babbar cibiyar binciken nukiliya ta Turai, wadda aka fi sani da CERN. A 2001 kuma cibiyar Brookhaven da ke jihar New York ta ɗauke shi aiki, ya ci gaba da binciken da ya fara a CERN a ƙarƙashin inuwarta.

5.0 Aikinsa a ATLAS

An kafa CERN a shekarar 1954 a kusa da birnin Geneva, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. Babbar na'urarta ta karo, wadda ake kira LHC, tana cikin wani rami mai siffar zobe, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Kewayen ramin kilomita 27 ne, wato ya fi babban titin Accra zuwa Tema tsawo, wanda yake kilomita 19. Manyan maganaɗisai da aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifili su ne suke tanƙwara hanyar ƙwayoyin su bi zoben. A wurare huɗu ake haɗa karon, kuma a kowane wuri akwai na'urar da take ɗaukar bayanin abin da ya fito. Ɗaya daga cikinsu ita ce ATLAS, mai tsawon mita 46 da tsayin mita 25 da nauyin tan 7,000. Masana kusan 3,000 ne suke sa hannu a kan kowace takardar bincike da ta fito daga gare ta.

A irin wannan taro, ina rabon mutum ɗaya? Gudummawar Assamagan ta fito a wurare huɗu.

Na farko, tun na'urar tana matakin gini, ya yi nazari da kwamfuta a kan yadda za a gane wata irin ƙwayar Higgs mai ɗauke da cajin lantarki, wadda wasu masu hasashe suka ce mai yiwuwa akwai ta. Har yau ba a gan ta ba, amma hanyoyin nemanta sun taimaka wajen taƙaita inda za ta iya ɓoyewa.

Na biyu, ya jagoranci aikin manhajar kwamfuta ta sashen da yake auna miyuwon. Shi miyuwon ɗan'uwan ilektiron ne, amma ya ninka shi nauyi sau 207. An gano shi a 1936 a cikin ƙwayoyin da suke zubowa daga sararin sama, kuma kusan duk sakan ɗaya guda yakan ratsa tafin hannun mutum ba tare da ya ji ba. Saboda yana ratsa ƙarfe da dutse, shi ne yake kaiwa ga ɓangaren waje na ATLAS bayan sauran ƙwayoyin da na'urar take iya gani sun tsaya. Abin da sashen yake bayarwa sigina ce kawai ta lantarki daga ɗaruruwan dubban wayoyi. Manhaja ce take haɗa su ta ce ga hanyar da miyuwon ya bi, ga kuma ƙarfinsa.

Na uku, ya shugabanci aikin samar da kayan nazari na bai ɗaya, wato manhajojin da kowane ɗan ƙungiyar zai ɗauka ya tace bayanai da su. Ana iya kwatanta wannan da aikin maƙeri a garin manoma. Ba a ambaton sunansa ranar girbi, alhali da fartanyarsa kowa ya yi noma.

Na huɗu, daga 2008 zuwa 2010 ya riƙe shugabancin rukunin da yake neman ƙwayar Higgs a ATLAS. Wannan lokaci ne mai wuya. An kunna LHC ranar 10 ga Satumba, 2008, amma bayan kwana tara wani haɗin lantarki tsakanin maganaɗisai biyu ya ƙone, aka yi ɓarna mai yawa. Ba a sake kunna ta ba sai a watan Nuwamba na 2009, kuma sai ranar 30 ga Maris, 2010 aka fara karo mai ƙarfin da ake buƙata. A tsawon wannan jira, rukunin ya ci gaba da gwada dabarunsa a kan bayanan kwaikwayo da kwamfuta ta ƙirƙira, domin ranar da bayanan gaske za su zo a same shi a shirye.

Wahalar neman ita ce, sai an yi karo sama da biliyan ɗaya kafin a sami ƙwayar Higgs guda, kuma da zarar ta samu take tarwatsewa. Ba a ganinta ita kanta, sai sawunta. Sawu biyu ne suka fi fitowa sarai, wato idan ta koma ƙwayoyin haske guda biyu, ko kuma ƙwayoyi huɗu daga dangin ilektiron da miyuwon. A nan ne amfanin aikin da aka yi a sashen miyuwon ya bayyana. Ranar 4 ga Yuli, 2012, ATLAS da takwararta CMS suka sanar da gano sabuwar ƙwaya mai nauyin da ya ninka na furoton sau 130 da ɗoriya. A 2013 aka ba Englert da Higgs kyautar Nobel. Brout kuwa ya riga ya rasu a 2011.

Bayan wannan, Assamagan ya mai da hankali ga wata tambayar, wato ko ƙwayar Higgs tana tarwatsewa wani lokaci ta koma ƙwayoyin da na'ura ba ta iya gani. Masana taurari sun nuna cewa akwai wani ɓoyayyen abu a sararin samaniya, wanda ba ya ba da haske amma ana ganin tasirin jansa a kan taurari, kuma ya ninka abin da ake gani kusan sau biyar. Har yanzu ba a san mene ne shi ba.

6.0 Karon Cibiyoyi Masu Nauyi

Binciken Assamagan na kansa ya fi karkata ga karon furoton. Amma gidajen biyu da ya yi aiki da su, Brookhaven da CERN, su ne kan gaba a tarihin karon cibiyoyi masu nauyi, kuma na'urar da ya taimaka wajen shiryawa ta taka rawa a ciki.

A ra'ayin masana kimiyya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, a farkon samuwar sararin samaniya, zafi ya kai inda furoton da niyutiron ba sa iya tsayuwa. Kwak da guluwon suna yawo ne a sake, cikin wani yanayi da ake kira falasmar kwak da guluwon, wanda bai wuce 'yan ɓangarori kaɗan cikin miliyan na sakan ɗaya ba. Manufar gwara cibiyoyi masu nauyi ita ce a sake samar da ɗigo ɗaya na wannan yanayi. Cibiyar zarrar zinari tana da furoton da niyutiron 197, ta dalmar da ake amfani da ita kuwa 208. Idan biyu suka haɗu gaba da gaba, dubban ƙwayoyi ne suke fitowa a karo ɗaya.

A watan Fabrairu na 2000 CERN ta sanar da cewa ta ga alamun sabon yanayin a wata tsohuwar na'urarta. A cikin shekarar ce kuma na'urar RHIC ta Brookhaven, mai kewayen kilomita 3.8, ta fara gwara cibiyoyin zinari, wato shekara guda kafin Assamagan ya shiga gidan. Da yawa daga cikin masana sun zaci falasmar za ta zama kamar iska ko hayaƙi. Amma a watan Afrilu na 2005 rukunoni huɗu da suka yi aiki a RHIC suka bayyana cewa tana gudana ne kamar ruwa, ruwan da kusan ba shi da kauri ko kaɗan. A 2010 aka sanar da cewa zafinta ya kai kimanin digiri tiriliyan 4, wato ya ninka zafin tsakiyar rana sau 250,000.

A watan Nuwamba na 2010 LHC ta gwara cibiyoyin dalma a karon farko. Ko da yake akwai na'urar ALICE wadda aka gina musamman domin wannan aiki, ATLAS ta fito da muhimmin sakamako cikin makonni kaɗan. A karon furoton, akan sami feshin ƙwayoyi guda biyu suna fita, ɗaya gabas ɗaya yamma, da ƙarfi kusan daidai. A karon dalma kuwa sai aka ga sau da yawa feshi ɗaya ya fito da ƙarfinsa, ɗayan ya raunana ƙwarai. Misalin wannan shi ne mutum biyu da suka sheƙa da gudu daga bakin kasuwar Nima a ranar kasuwa, ɗaya ya nufi titi, ɗaya ya kutsa cikin cunkoso. Na farko zai fita da ƙarfinsa, na biyu kuwa in ma ya fita, to a gajiye. Raunin feshi na biyu shaida ce cewa ya ratsa wani abu mai tsananin cunkoso. An taɓa ganin alamar hakan a RHIC, amma a nan ne aka gan shi ƙuru-ƙuru a cikin karo ɗai-ɗai.

Sashen miyuwon ma ya yi amfani a nan. Miyuwon ba ya jin irin ƙarfin da yake ɗaure kwak, saboda haka yana ratsa falasmar ba tare da ta rage masa komai ba. Da shi ATLAS ta gano samuwar wata ƙwaya da ake kira Z a karon dalma tun a bayanan 2010, ta zama ma'aunin da ake kwatanta sauran ƙwayoyi da shi. Ke nan kayan aikin da aka shirya domin farautar Higgs sun yi wa masu binciken falasma rana. A shekarar 2020 kuma aka zaɓi Brookhaven domin gina sabuwar na'ura da za ta gwara ilektiron da cibiyoyin zarra, a cikin ramin RHIC.

7.0 Makarantar Fizikis ta Afirka

A tsakanin dubban masanan da suke CERN, 'yan Afirka kaɗan ne. Maroko ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga ATLAS, a 1996, sai Afirka ta Kudu a 2010. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Assamagan bai yarda hakan ta same shi ba. Shi da wasu abokan aikinsa, waɗanda suka haɗa da Steve Muanza da Christine Darve da John Ellis da Bobby Acharya, sun kafa Makarantar Fizikis ta Afirka.

Makarantar ba ta da gini nata. Duk bayan shekara biyu take sauka a wata jami'a ta nahiyar, a tattaro zaɓaɓɓun ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam, masana daga manyan cibiyoyin duniya su zo su koyar da su na 'yan makonni. An yi zama na farko a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2010. Na biyu kuwa a Ghana aka yi shi, a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, a watannin Yuli da Agusta na 2012. Wato kwanaki kaɗan bayan sanarwar gano ƙwayar Higgs, wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin suna tsaye gaban ɗalibai a Kumasi. Daga nan makarantar ta je Dakar a 2014, da Kigali a 2016, da Windhoek a 2018. Annobar korona ta hana zaman 2020, aka yi shi ta intanet a 2021. An koma Afirka ta Kudu a 2022, sannan Marrakesh ta Maroko a 2024. A hankali aka faɗaɗa shirin ya haɗa da malaman sakandare da ɗalibansu, aka kuma tsara yadda manyan masana za su ci gaba da ba tsofaffin ɗaliban shawara bayan sun koma gida. A 2021 Ƙungiyar Masana Fizikis ta Amurka ta karrama Assamagan da matsayin ɗan majalisarta na girmamawa.

Ana iya tambaya, me ya haɗa unguwar da take fama da matsalar magudanar ruwa da cunkoson gidaje da binciken kwak? Amsar tana cikin abubuwan da ake koya a hanya. A CERN ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, domin masana su riƙa musayar bayanai. Dabarun hanzarta ƙwayoyi da na gano su kuwa su ne tushen wasu na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da na gashin ciwon daji. Sashen gashin daji na asibitin koyarwa na Korle Bu, wanda aka buɗe a 1997, ba ya aiki sai da masanin Fizikis da zai daidaita ma'aunin na'ura, irin daidaitawar da Assamagan ya fara da ita. Yawancin waɗanda aka horar a fagen ƙwayoyi ba a CERN suke ƙarewa ba, suna bazuwa ne a asibitoci da jami'o'i da masana'antu da harkar kwamfuta.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa binciken ƙwayar zarra aikin gayya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba Assamagan ne ya gano ƙwayar Higgs ko falasmar kwak da guluwon shi kaɗai ba, babu ma wanda ya yi hakan shi kaɗai. Rabonsa shi ne daidaita ma'auni, da rubuta manhaja, da tanadar wa abokan aiki kayan nazari, da jagorancin rukuni a lokacin da na'ura take kwance. An kuma nuna cewa hanyarsa ta bi ta matakai sanannu, wato jami'a ta gida, da tallafin karatu, da koyon sabon harshe, da shekaru masu yawa na aikin da ba a ganin sakamakonsa nan take.

Wasu daga cikin matakan da babu su a zamaninsa yanzu sun samu a Ghana. A 2006 aka buɗe makarantar nazarin kimiyyar nukiliya ta manyan digirori a Kwabenya, haɗin gwiwar Hukumar Makamashin Nukiliya da Jami'ar Ghana da ke Legon, 'yan kilomita kaɗan daga Maamobi. A 2012 aka buɗe reshen Ghana na Cibiyar Kimiyyar Lissafi ta Afirka, ƙarƙashin jagorancin Allotey. A 2017 gwamnati ta fara shirin karatun babbar sakandare kyauta. Tun daga 2014 kuma CERN ta fara sakin wasu bayanan karonta a intanet domin kowa ya ɗauka, har ATLAS ta tanadi wani kaso musamman domin ɗalibai. Saboda haka ɗalibin da yake Nima ko Maamobi, in yana da kwamfuta da wutar lantarki da malamin da zai nuna masa hanya, yana iya duba sawun miyuwon na gaske ba tare da ya je Geneva ba.

Matakin da ya fi wuya shi ne na ƙasa, wato yaro ko yarinya su sami malamin lissafi da na Fizikis nagari a sakandare, iyaye kuma su iya haƙurin barinsu a makaranta har su kai jami'a. Tallafin karatu da Makarantar Fizikis ta Afirka duk suna jiran wanda ya haye wannan mataki ne. Harsashin da aka aza a Kwabenya ya jira shekara 30 kafin tukunya ta fara aiki, ra'ayin su Higgs kuma ya jira shekara 48 kafin a tabbatar da shi. Wanda zai shiga wannan fage, ko zai tura ɗansa, da irin wannan lissafin shekaru ya kamata ya shirya.